Sallamar Julde a Diski na Uku

Ku yaran yanzu kuna ba ni dariya. Shekaranjiya ɗan ƙanwata ya zo yana cika baki, wai ya canza wa wani sarki magana a gem ɗin wayarsa, ya sa shi yana Hausa. Na ce minti nawa ka yi? Ya ce bai kai goma ba, wai ma na'ura ce ta fassara masa. Na karɓa na duba. Sarki ne zaune a kan karaga, baƙo ya faɗo masa ba sallama, shi kuma ya hau zuba ba gaisuwa kamar ɗan kamasho a tasha. Na miƙa masa abarsa na ce wannan ba sarki ba ne, kuma abin da ka yi ba aiki ba ne. To tunda kun matsa sai kun ji, ku gyara zama. Ni Haladu na yi wannan sana'a a Kwanar Dangora wajen ƙarshen shekarun casa'in, kuma a iya sanina ba wanda ya riga mu a duk tsakanin Bebeji da Doguwa.

Maigidana Malam Ilu ne, tsohon mai buga tafireta. Ya yi shekaru a wani kamfani a Kaduna, da aka sallame su sai ya sayo kwamfuta ta gwanjo ya kama shago a bayan masu rake. Takardun neman aiki muke bugawa, da katin biki, da jarrabawar makarantu. Mutum ne mara yawan magana. In ka yi kuskure ba ya faɗa, sai dai ya cire tabarau ya yi ta goge shi da bakin riga yana kallonka. Wallahi na gwammace mari da wannan gogewar tabarau.

A kwalin kwamfutar muka tarar da diski huɗu, 'yan baƙaƙen nan masu marfin ƙarfe da ba ku taɓa gani ba. Ashe gem ne. Kai ne matafiyi, kana bin gari gari, kana tsayawa gaban mutane suna ba ka labari, wannan ya aike ka, wancan ya nuna maka hanya. Babu murya. Rubutu ne yake fitowa a wani akwati a ƙasan allo, da Turanci mai kauri. 'Yan achaɓa da yaran mota sukan zo a ba su rabin awa, amma sai su yi ta bulayi don ba su san me ake ce musu ba. Ran nan Malam Ilu ya daɗe yana kallonsu, sai ya ce, "Haladu, rubutu ai rubutu ne. In wani ya sa shi, wani zai iya cire shi."

Aikina na farko mai gadin ƙofar gari ne, kuma kwana huɗu na yi a kan jimla ɗaya. Kayan aikin ba su da yawa. Akwai wani ɗan furogiram da wani ɗalibi ya kwafo mana daga Zariya, mai buɗe cikin fayil ya baje maka shi, lambobi a hagu, haruffa a dama. Sai littafin lissafi mai gida-gida, da fensir, da abin gogewa. Kowace magana tana da ɗakinta, kuma ɗakin ba ya ƙaruwa. In Bature ya faɗi abu da harafi talatin da takwas, to kai ma talatin da takwas gare ka, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Hausa kuwa kun san ta da son shimfiɗa ƙafa. Saboda haka ba na taɓa kwamfuta sai na rubuta maganar a littafi, harafi ɗaya gida ɗaya, na ƙirga sau biyu. Ku riƙe zancen littafin nan, zan dawo kansa.

In ka zarce ɗakinka, wutsiyar maganar sai ta faɗa bakin na gaba. Na taɓa yin ganganci da wata mai sayar da kifi ta cikin gem ɗin, na ƙara mata 'yan kalmomi ban ƙirga ba. Washegari wani ɗan achaɓa ya sha wahala ya kai fada, sarki ya buɗe baki a gaban fadawansa ya ce, "ɗanye ne yau aka kamo." Shago ya ɗauki dariya har maƙwabcinmu mai walda ya leƙo. Malam Ilu ya cire tabarau.

Mai waldar nan da janaretansa muke aiki, daga hantsi zuwa la'asar. Da ya ɗana ƙarfe sai allo ya yi rawa, in ba ka adana aikinka ba shi ke nan, ya tafi. Agogon cikin kwamfutar ma batirinsa ya mutu tun kafin ta zo hannunmu, duk fayil ɗin da ka taɓa kwanan wata ɗaya yake ɗauka. Ga kuma ƙ da ɗ da ɓ, waɗanda gem ɗin bai san da zamansu ba. Sai da na nemo inda aka zana haruffa, na kama q da x da v da ba mu da aiki da su, na goge su ɗigo ɗigo na yi musu lanƙwasa. Mako biyu idona yana ruwa. Shi ne wani zai zo ya ce mini minti goma.

Da muka gama garin farko muka ɗauka za a yaba mana. Ina! Wani tsohon direba, Baba Tanko, ya zauna ya karanta layi biyu, ya ture kujera ya ce, "Wannan mutumin a gidan wa ya tashi? Na tsaya a gabansa, ko sannu babu, sai aike?" Gaskiya ya faɗa. Mutanen gem ɗin ba sa gaisuwa. Muka koma muka yi ta yanke surutun da ba shi da amfani don mu samar wa gaisuwa ɗaki. Dama a farkon kowace hira gem ɗin yana ba ka zaɓi biyu, ka saurara ko ka wuce. Sai muka sa kowa ya fara da sallama, zaɓin kuma ya koma haka: ɗaya, amsa sallama, biyu, wuce.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne mutane za su riƙa amsawa da baki. Rubutu ya fito, "Salamu alaikum," sai ka ji ƙato da gemunsa ya ce, "Wa alaikumus salam," sannan ya danna ɗaya. Masu kallo ma su amsa. In ka yi musu dariya su ce yo sallama ce fa, ai amsa ta dole ne. A shekara biyu ban ga mahaluƙin da ya danna biyu ba. Ni ma da nake gwaji ɗaya nake dannawa. Kowane mutum a gem ɗin yana da abin da zai ce in ka wuce shi, amma da na ga ba mai zuwa wajen sai na bar su duka da Turancinsu. Lalaci ne, ba na musu. Ban taɓa ko ɗaya ba.

Doka ɗaya Malam Ilu ya kafa mini. Ya ce in ari bakin kowa a kasuwa, in ɗauki yadda mahauci yake rantsuwa da yadda mai koko take mita, amma kada in kuskura in sa sunan mai rai. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Mutum yana tafiya, Haladu. Diski yana nan."

Julde ne ya sa na karya dokar. Bafulatani ne daga wata ruga a yammacin Kiru, zai yi shekara arba'in, siriri, mai fara'a, kullum da 'yar rediyo a rataye. Duk ranar kasuwa in ya sayi kanwa da gishirin shanu sai ya zo ya tsuguna a bakin ƙofarmu yana kallo. Bai iya boko ba, sai dai a karanta masa. A diski na uku akwai wani makiyayi da ke tsaye a bakin gada da sanda, tumaki biyu a bayansa. Ranar da Julde ya gan shi ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Kai Haladu, wannan ai ni ne! Dubi ƙafafun. Amma maganarsa ta 'yan birni ce. Goge, ni zan gaya maka abin da zai ce."

A makon Malam ya tafi Kano sayen tawada. Muka zauna ni da Julde, yana faɗa ina ƙirgawa a littafi, in ta yi tsawo in ce ya rage, ya ce haba, ko magana ma sai an yi mata awo? Layi bakwai muka yi. Na farko shi ne, "Salamu alaikum. Jam? Ya gajiya?" Jam ɗin Fulatanci ne, wato lafiya. Akwai wanda yake cewa, "Kada ka bi rafi in ruwa ya yi ja." Na sa sunansa da manyan haruffa a saman akwatin. Da Malam ya dawo ya gani ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Amma Julde yana tsugune yana washe baki, yana kiran mutane su zo su gan shi a cikin na'ura, sai Malam ya mayar da tabaran ya ƙyale mu.

Daminar da ta biyo baya ita ce muguwar shekararmu. Marka ta yi kwana da kwanaki, bangon shago ya jiƙe, funfuna ta shiga diski. Waɗanda muka kwafa wa masu gidan gem a Kiru da Tudun Wada duk suka lalace, namu kaɗai ya rage. Fetur ya yi wuya, mai walda ya koma tayar da janareta na 'yan awoyi kawai a rana. A cikin wannan hali labari ya zo cewa Julde ya rasu. Ya kora shanu zuwa wajen Doguwa, ɗan maraƙi ya faɗa rafi, ya bi shi. Sai washegari aka samo shi, aka yi masa sutura a can.

Ranar kasuwar da ta biyo bayan sadakar bakwai, da rana tsaka, shago cike, wani ɗan achaɓa yana wasa. Ba wanda ya lura da inda ya nufa sai da ya isa gada. Akwati ya buɗe. JULDE. "Salamu alaikum. Jam? Ya gajiya?"

Shagon ya yi tsit, ƙarar janareta kawai kake ji. Mu kusan goma sha biyu muna kallon ɗan mutumin nan da sandarsa, shi ma kamar yana kallonmu. Daga bayana wani ya ce, "Wa alaikumus salam," murya ƙasa-ƙasa. Sai kowa ya amsa, har da ni. Me za ka yi? An yi maka sallama. Ɗan achaɓan ya tashi a hankali ya fita bai ƙarasa lokacinsa ba. Kafin la'asar magana ta zaga tasha cewa Julde yana sallama a shagon Malam Ilu, kuma daga ranar rabin masu zuwa suka ɗauke ƙafa.

Malam ya ce in cire shi. Na ce to. Na yi ta kawo dalili, yau ba wuta, gobe aiki ya yi yawa. Gaskiyar ita ce hannuna ne ya ƙi. Ina cikin wannan jan ƙafa wani dattijo ya tsaya a ƙofarmu, dogo, da malafa da sanda. Ya cire takalmansa a waje kamar mai shiga masallaci. Muka gaisa, ya ce sunansa Dikko, shi ne wan Julde. Sannan ya ce, "An ce ƙanena yana nan."

Na ce, "Baba, ba shi ba ne. Rubutu ne kawai, ni na buga shi da hannuna."

Ya ce, "Na ji. Kai ni."

Na ba shi kujera ya ƙi, ya tsuguna a inda Julde yake tsugunawa. Na kora matafiyin har gada, na karanta masa sallamar. Dattijon nan ya amsa ta cikakkiya, har da rahama da albarka, muryarsa tana rawa. Na danna ɗaya, na karanta sauran layukan shida. Ya ce, "Sake." Na sake. Ranar sai da ya amsa sallamar nan ta fi sau ashirin, har mai walda ya kashe janareta.

A zuwansa na uku ya gaya mana dalili, yana kallon ƙasa. Sun yi saɓani ne da Julde a kan shanu. Julde ya ce a kai su Doguwa, shi ya ce a zauna a yi noman masara, magana ta yi zafi. Da safen da Julde zai tafi ya zo ƙofar bukkarsa ya yi sallama. "Idona biyu," in ji Dikko. "Ina kwance ina jinsa. Ya yi ta farko na yi shiru. Ya yi ta biyu. Ya yi ta uku. Ya ɗan tsaya. Sannan na ji takunsa har ya yi nisa."

Daga ranar kasuwa ya koma zuwa kullum, a ƙafa daga bayan Kiru, cikin ruwa cikin taɓo. Masararsa ciyawa ta cinye ta. Shanun da suka rage 'ya'yansa mata ne suke fama da su. Mutum ya rame har ƙasusuwan wuyansa suka fito, in an ba shi abinci sai ya ce ya ƙoshi. Matarsa ta aiko mai tallar nono ta roƙe mu don Allah mu daina buɗe masa. Muka gwada rana ɗaya, muka ce ba wuta. Ya zauna a ƙofar har magariba, ruwa yana dukansa. Kowa ya ga inda abin ya dosa, in ba hankalinsa ya tafi ba to shi zai tafi.

Ni ma abin bai bar ni ba. Wata rana bayan ya fita Malam Ilu ya ce, "Haladu, ka san ba da muryarka kake karanta masa ba?"

Na ce, "Kamar yaya, Malam?"

Ya ce, "Kana jan jam ɗin nan yadda marigayi yake ja. Har 'yar dariyar da yake yi a ƙarshe kana yi."

Ban san ina yi ba, na rantse muku. Tsoro ya kama ni sosai, har na fara ƙin kallon wajen gadar in ni kaɗai ne a shago.

Ana haka wata safiya Dikko ya zo janye da tunkiya, ya ɗaure ta a turken rumfa. Ya ce, "Yaro, kai ka ce da hannunka ka sa masa magana. To ƙara masa ɗaya. Ya ce ya yafe mini."

Kun ji inda sana'a take, ba a ƙirgen haruffa ba. Aikin minti biyar ne, ɗaki ma akwai. Ga mutum yana narkewa a gabana, ga magani a yatsuna. Wallahi na so in yi. Har na jawo littafi. Malam Ilu ya ɗora hannu a kai ya rufe shi. Ya ce, "Malam Dikko, layi bakwai ɗin nan Julde ne ya faɗe su da bakinsa, shi ya sa kake zuwa. In yaron nan ya ƙara na takwas, ƙarya ce aka yi wa mamaci, kuma kai ne za ka fara sanin ƙarya ce. Kwance tunkiyarka."

Bai tsaya nan ba, don ya san halina. Ya zare diski na uku, ya tura 'yar maƙatar da ke kusurwarsa wadda take hana a yi rubutu a ciki, ya kunna kyandir ya ɗiga kaki a kanta a gaban Dikko. Daga ranar a aljihunsa diskin yake kwana, shi yake sa shi, shi yake cire shi. Dikko ya kwance tunkiyarsa ya tafi. Washegari ya dawo ya tsuguna a wurinsa.

Bayan kamar wata guda diskin ya fara ciwo. Sai ya yi ta gurnani kafin ya buɗe, wani lokaci sallamar ta fito da ramuka a cikinta, haruffa sun zube. Malam ya ce kwanansa ya ƙare, gara mu kwashe abin da za mu iya zuwa sabon diski, ban da Julde, sannan mu gaya wa dattijon gaskiya. Ya sa diskin da kakinsa, ya ce in duba inda maganar Julde ta fara da inda ta ƙare. Da hantsi ne, rana ta fito bayan ruwa, masu rake suna ta ciniki a waje. Na buɗe cikin fayil ɗin ina bi da fensir. Ɗaya, biyu, har bakwai, duk na san su. A ƙasansu sai ɗakin zaɓi na biyu, abin da makiyayi zai ce in an wuce shi ba a amsa ba. Nan Turanci ya kamata in gani.

Hausa na gani.

Na karanta, na sake karantawa. Na ƙirga, harafi talatin da tara, ɗakin ma talatin da tara, ba ragi ba ƙari. Na jawo littafina mai gida-gida na bi shi shafi shafi. Duk maganar da na taɓa sa wa gem ɗin nan tana ciki, har da ta mai kifi. Wannan babu ita. Na kira Malam da wata murya da ban san ina da ita ba. Ya sunkuya ya karanta. Ya kai hannu zai cire tabarau, sai ya fasa.

Na ce, "Malam, kai ne?"

Ya ce, "Ni ban iya buɗe cikin fayil ba, ka sani."

Na sani. Julde kuwa ko alif na boko bai iya ba. Saura ni. Mai yiwuwa ranar da muke raha na tambaye shi me zai ce in an ƙi amsa masa, ya faɗa, na buga kai tsaye na manta. Na yi shekaru ina gaya wa kaina haka. Amma ni ban taɓa buga layi ban ƙirga a littafi ba tun ranar mai kifi, kuma lokacin da muka zauna da Julde ba su yi saɓani da wansa ba tukuna. Kwanan watan fayil kuwa na gaya muku, ba ya shaidar komai.

Bayan azahar Dikko ya zo. Malam ya zaunar da shi ya yi masa bayani a hankali. Ya ce akwai magana ta takwas, ba mu san da ita ba sai yau, kuma ba ta fitowa sai in an yi sallama ba a amsa ba. Ya nuna masa kakin, yana nan yadda aka ɗiga shi.

Dikko ya ce, "Wato in sake yi masa shiru?"

Malam ya ce, "Sau ɗaya."

"Me ya ce?"

"Ba zan gaya maka da bakina ba sai ta fito a gabanka."

Dattijon ya daɗe yana murza sandarsa. Daga baya ya ce, "To. Amma kai za ka karanta, Malam, ba yaron ba."

Diskin ya yi gurnani har na fitar da rai, sannan ya buɗe. Na kai matafiyin gada. Malam Ilu ya karanta da muryarsa ta mai tafireta, wadda ba ta hawa ba ta sauka. "Salamu alaikum. Jam? Ya gajiya?"

Leɓen Dikko ya motsa. Ya sa tafin hannu ya toshe bakinsa, ya danne da ɗaya hannun. Ni ma sai da na ciji harshe, don amsar ta riga ta taso mini. Ban taɓa jin shiru mai nauyin wannan ba. Malam ya miƙa yatsa ya danna biyu, karo na farko tun da muka sa sallama a gem ɗin. Akwatin ya goge, ya sake cika. Malam ya karanta.

"Ba komai, Hamma. Na san ka amsa a zuci."

Hamma shi ne yadda Fulani suke kiran wa. Dikko ya sauke hannuwansa a hankali. Ya juyo ya dube ni ya ce, "Kai ka rubuta?"

Na ce, "Wallahi Baba, ban sani ba."

Ya kalle ni har na ji kamar in nutse. Sannan ya mayar da ido kan allon. Hawaye suna bin gemunsa, amma muryarsa ta daina rawa. Ya ce, "Na amsa kuwa. Duk ukun na amsa, a ciki. Bakin ne ya ƙi buɗewa. Ban taɓa gaya wa kowa ba, don wa zai yarda?"

Diskin bai ƙara kwana uku ba ya mutu, ko sabon ba mu samu mun kwafa ba. Dikko bai sake zuwa ba. Da kaka na hango shi a kasuwar shanu yana ciniki, ya yi ƙiba, har yana yi wa dillali tsawa. Ni kuma na ci gaba da aikin wasu shekaru, amma ban ƙara sa sunan mai rai ba, ban kuma ƙara barin ɗaki ban leƙa ba, ko da na tabbata ba mai shigarsa. Ku da kuke da na'ura mai yi muku a minti goma, ban ce ku daina ba. Ku dai riƙa karanta abin da kuka sa a bakin mutane, har wanda ba ku tuna kun sa ba.

Fitar Dikko daga shago a ranar nan ce ba na mantawa. Ya miƙe, ya ɗauki sandarsa, ya sa takalmansa a bakin ƙofa. Sai ya juyo, ya ɗaga murya ya ce, "Salamu alaikum." Ni da Malam Ilu muka buɗe baki za mu amsa, sai muka ga ba mu yake kallo ba. Muka yi shiru. Ya tsaya jim kaɗan yana saurare, ya gyaɗa kai, ya tafi.